Halagar Ka'akiyya a Makka: inda lalo ya koma muluhiyya, kanya ta koma kaka

Alhazan da ke zuwa daga gida sun fi sanin Ka'akiyya da kasuwar tsaraba, inda ake sarin darduma da carbi da jallabiya kafin a kama hanyar Jidda. Mazauna Makka kuwa in sun ce za su Ka'akiyya da sassafe, halaga suke nufi, babbar kasuwar kayan lambu da 'ya'yan itace da ke kudancin gari, can gaba da Misfala. A nan mai bagala, wato ɗan shagon unguwa, yake saro tumatirin da yake auna maka kilo-kilo, a nan masu gidajen abinci suke cika mota. Duk mai gida da baki da yawa ya taɓa jin an ce masa ya bar sayen tsinta-tsinta ya je halaga. Shawarar ba laifi, sai dai rabinta aka faɗa. Kasuwar tana biyan wanda ya san lokacin kowane kaya, ya san sunansa a bakin masu sayarwa, ya kuma san halinsa in ya shiga tukunya. Wanda bai san waɗannan ba zai dawo da but ɗin mota cike, kwana huɗu rabin kayan ya tafi kwandon shara.

Manyan motoci sukan sauke kaya tun cikin dare, dillalai su yi haraj, wato gwanjo, 'yan sari su kwashe. Mai cefanen gida ba shi da abin yi a wajen haraj, ba a tayin katan ɗaya a can. Wurinsa layin basɗa, wato masu baza kaya, inda ake sayarwa katan-katan ko ɗauri-ɗauri, wasu kuma su auna kilo. Lokacin zuwa bayan sallar asuba ne, kafin rana ta ɗaga. A watannin zafi Makka takan haura digiri 40, ganyen da ya yi awa uku a wannan iska ya riga ya sunkuyar da kai, sai dai a yi ta yayyafa masa ruwa don ya yi kyan gani. Da yamma akan samu ragi, amma ragin kayan da suka wuni ne. Ya yi wa mai markaɗe a daren, bai yi wa mai ajiya ba. Gab da azumi da lokacin aikin Hajji farashi yana tashi, wurin ajiye mota ya zama abin faɗa, don haka albasa da dankali gara a yi sarinsu mako guda kafin nan.

Ka tsaya gaban katan ɗin tumatir. Sahun sama jawur, kansu ɗaya, kamar an goge su da tsumma, wani lokaci ma an goge ɗin. Ɗaga katan ɗin ka dubi gindinsa. In kwalin ya jiƙe ko ya yi tabo, na ƙasa sun fara fashewa. Sannan ka zura hannu ta kusurwa ka zaro biyu daga sahu na uku. Mai kaya na ƙwarai ba ya hana ka, wani ma da kansa zai juye maka a wani kwalin kana kallo. Wanda ya dafe katan ya ce maka “kullu wahid, ya hajj”, wai duk ɗaya ne, yi masa sallama ka matsa gaba, basɗa ba ɗaya ba ce.

Lissafin araha ma sai an zauna an yi shi. A ce an ba ka katan mai kilo 6 a kan riyal 18, ka ga kilo ya faɗi riyal 3. In ka je gida aka tsince kilo ɗaya da rabi da ya ruɓe, kilo ya koma riyal 4, ga kuɗin mai, ga na ɗan dakon da ya tura maka arabiyya, wato baro. Wannan misali ne kawai, farashi a halaga ba ya kwana inda ya wuni. Abin da ke fitar da riba shi ne gida uku ko huɗu su yi karo-karo, mutum ɗaya ya je, a raba a ƙofar gida. Ango da amarya, ko mai zaman ɗaki shi kaɗai da ƙaramin firji, bagala ko manyan kantuna irin Panda da Bin Dawood sun fi musu rufin asiri. Ɗan dako kuwa a gama ciniki da shi kafin ya ɗora kwali na farko, ba a bakin mota ba. Basɗa da yawa suna karɓar katin banki na Mada, amma ka riƙe canji a aljihu.

Kalmar da ta fi kowace amfani a bakin mai saye ita ce baladi, noman ƙasa ke nan, kishiyar mustaurad, na shigowa. A nan ne halaga ta yi wa manyan kantuna nisa. Ayabar Filifin da tuffar Turai da lemon Afirka ta Kudu duk ta jirgin ruwa suke zuwa, ko ina ka saya kusan abu ɗaya ne, a kanti ma sun fi samun sanyi, ga takarda mai faɗin ƙasar da suka fito. Amma kayan baladi a kan kakarsu, wannan sai halaga. Mangwaron Jizan yakan fara shigowa wajen Maris zuwa Afrilu, na Pakistan ya biyo baya a tsakiyar zafi. Ruɗab, wato nunannen dabinon da bai bushe ba, na Madina da Gasim na watannin Yuni zuwa Agusta ne. Ɗa'ifa, da ke kan dutse sama da mita 1,500, tana turo inabi da ɓaure da barshumi, wani ɗan itace mai ƙaya a bawo, a lokacin zafi, rumman ɗinta ya biyo daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Lemon Najran na hunturu ne. Kankana kuma habhab za ka nema, haka mutanen Hijaz ke kiranta.

Sunan Ɗa'ifa yana sayar da kaya, shi ya sa za ka ji ana kiran “Ɗa'ifi, Ɗa'ifi” a kan rumman ko a watan Fabrairu, lokacin da itatuwan can ba su da ko ɗa ɗaya. Na Ɗa'ifa na gaskiya ba shi da jan bawo mai ɗaukar ido. Fatarsa ruwan ɗorawa ce da ɗan kore, wani gefen ya ɗan yi ja, ƙwayoyinsa zaƙi ba tsami. Jawur ɗin nan mai sheƙi galibi na Indiya ne ko Masar. Ba laifi gare shi, kada dai a biya shi kuɗin wani.

To uwargida, kaya sun iso ƙofa. A fara da ganye, shi ne ba ya jira.

Muluhiyya lalo ne, ba wani abu ba, wanda wasu ke kira ayoyo. Na nan noman ban-ruwa ne, ganyensa ya fi faɗi da laushi, don haka ba ya son irin wutar da ake ba busasshen lalo. Wajen saye kara ake dubawa: siriri mai karyewa ƙas shi ne sabon yanka, wanda ya fara fure ya tsufa, yauƙinsa ya ragu, ga ɗaci-ɗaci. Ki tsinke ganyen ki yar da silin, ki wanke a ruwa uku, kina tsamo ganyen daga ruwan, ba ki tsiyaye ruwan ta kansa ba, in ba haka ba yashin da ya kwanta ya koma ciki. Ki baza a tire ya sha iska ya tsane sarai kafin wuƙa ta taɓa shi. Jiƙaƙƙen ganye in an yanka, yauƙin a kan katako yake ƙarewa. Rabin kilo na tsinkakken ganye, romo kofi uku zuwa huɗu ya ishe shi. Ki dafa namanki ko kazarki da albasa da daddawa da ɗan yaji, ki jiƙa kanwa kamar girman ƙwayar gyaɗa ki tace ruwanta a ciki. Kanwa a nan aɗrun ake ce mata, a shagunan Sudaniyawa ake samu. In babu, kwatan ƙaramin cokali na karbonat, wato baking soda, ya wadatar, da ya wuce haka miya ta yi ɗanɗanon sabulu. Ki rage wuta, ki zuba ganyen, ki burga, minti 5 zuwa 7 ki sauke. Abu uku ke tsinka ta: rufe tukunya, barin ta ta yi ta tafasa, da zuba tumatir ko lemon tsami a ciki, don tsami da yauƙi ba sa shan inuwa ɗaya. In ana son jar miya a yi ta daban, a haɗa a kwano. Misirawa sukan soya tafarnuwa da garin kuzbara, wani kayan ƙamshi, a man shanu su juye a kai daf da saukewa, kuma wannan dabara ta zauna wa miyar lalo daram, ko da tuwon shinkafa za a ci. Daskararriyar muluhiyya ta leda mai giram 400 tana fid da kai ranar da ba a je kasuwa ba, amma an niƙa ta sosai, romo kofi biyu ya ishe ta, kuma a jefa ta a daskare, kada a jira ta narke.

Kuɓewa bamiya ce. Wadda ta fi tsada ita ce 'yar mitsitsiya kamar kan yatsa, don Larabawa sukutum suke dafa ta a jar miya, kuma duk ƙoƙarinsu na kashe yauƙi ne: su soya ta, su matsa mata lemo. Mai neman yauƙin ba shi da dalilin biyan wannan kuɗi. Matsakaiciya ta fi araha, ta fi daɗin gurzawa. A karya bakinta da yatsa, in ya ɓalle ɗanya ce shar, in ya lanƙwashe ta yi itace. Busasshiya kuma weka ce a wajen Sudaniyawa, akwai dakakkiya akwai wadda ba a daka ba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne alayyafo. Ka yi kwatance da hannu, a miƙo maka sabanik. Ba shi ba ne. Sabanik kusan ruwa ne zalla, kilo guda in ya ji wuta da ƙyar ya cika ƙaramin kwano, ya saki ruwa ya tsinka miya, ya bar wani garas-garas a haƙori. In dole shi za a sa, a zuba masa tafasasshen ruwa a matsami, a matse da hannu, a jefa a minti 2 na ƙarshe. Silik, mai faɗin ganye da farin kara, ya fi shi jure wuta. A raba karan a yanka ƙanana, a riga sa shi da minti 5 kafin ganyen. Alayyafo na ainihi yana hannun 'yan Bangaladash, suna ce wa jan lal shak. Jan yakan rina miya har da shinkafa, kore za a ɗauka in akwai. A wajensu da Indiyawa wani lokaci akan dace da gongura, wadda ba komai ba ce illa yakuwa in karan ja ne, rama in karan kore ne. Ranar da aka same ta miyar taushe ta kammala, don kabewa tana nan birjik da sunan dubba. Mai siffar gora ɗin nan, mai fata ruwan ƙasa, ta fi zaƙi da ƙarancin ruwa, ita ta fi kaurara miya. In ba a dace da yakuwa ba, babban cokali uku na ruwan tsamiya a ƙarshen girki ya toshe gurbin. Tamar hindi ce a bakin Larabawa, aradeb a bakin Sudaniyawa.

Sauran ƙananan ganyen ba sa buƙatar dogon bayani. Jarjir ɗanye ake ci, yana da yaji-yaji, in aka dafa ɗaci yake yi. Rabi shi rabi latas, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, sai an ture hannun yara. Rijla, mai ƙananan ganye masu kauri da jan kara, tana da ɗan tsami da ɗan yauƙi, Sudaniyawa da adas, wani ƙanƙanin wake, suke dafa ta, kuma tana shiga fate. Kurrat a ɗauke shi kamar lawashi, shi ne a cikin muɗabbag, soyayyen abincin fulawa mai haɗi a ciki. Kuzbara da bagdunis kuwa, ganyayen ƙamshi biyu, sun sha haɗa maigida da uwargida, don a ido kamarsu ɗaya. A murza ganye ɗaya a shinshina: mai ƙamshi da ƙarfi, wanda wasu ke cewa kamar sabulu, ita ce kuzbara.

Jar miya ce take fara tona asirin baƙo. Tumatirin da ya fi yawa a kasuwar na rumfar leda ne, mahmi suke ce masa. Ga girma ga kyau, ciki kuwa ruwa fal, ba irin na Kadawa mai tsoka ba. Tattasai irin namu babu, sai filfil rumi ja, mai kaurin nama da zaƙi, ba yaji ko kaɗan. Duk wadda ta markaɗa su yadda ta saba a gida za ta sami miya fara-fara mai zaƙi-zaƙi tana iyo a kan shinkafa. Gyaran shi ne: tumatir kilo 1, filfil rumi ja 3, albasa 2, jar shaɗɗa, wato barkono mai yaji, 5 ko 6, da salsa, wato tumatirin gwangwani, babban cokali 2. Ki raba tumatir biyu ki matse 'ya'yan da ruwan, ki jera shi a tire da filfil da albasa, ki gasa a furun, wato oven, a digiri 200 na minti 30 har gefe ya fara baƙi, sannan ki markaɗa ba ruwa. In ba furun, ki dafa markaɗen a buɗe minti 25 zuwa 30 har ya kafe. Salsa kuwa ki riga soya ta a mai kamar minti 3 kafin markaɗen ya shiga, shi ke kashe tsaminta. Katan ɗin tumatir a ranar da ya shigo ake gama da shi haka, a ƙulla a leda gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, a shimfiɗe ledojin a firiza don su yi saurin daskarewa.

Baƙin bazinjan ɗan'uwan yalo da gauta ne, amma ba a gatsarsa ɗanye. A zaɓi mai sheƙi da koren hula, wanda in an danna fatar take dawowa. Cikinsa kamar soso yake, in aka jefa shi a mai haka nan sai ya shanye kasko. A yanka kaurin yatsa, a barbaɗa gishiri, a bar shi minti 30, a goge ruwan da ya fito, sannan a soya kaɗan-kaɗan a mai mai zafi sosai. Sudaniyawa sukan dame soyayyen da dakwa da lemon tsami da tafarnuwa, su kira shi salaɗat aswad. A kula, dakwa a wajensu niƙaƙƙiyar gyaɗa ce, irin ta miyar taushe. Wanda ya shiga shagonsu yana kwaɗayin dakuwar aya zai fito da robar tunkuza.

Kusa a ido kamar kokwamba, amma dangin kabewa ce, dafa ta ake yi, kuma minti 6 zuwa 8 ta gama. A miyar kayan lambu ta kuskus ita ce ta ƙarshe, bayan karas da dankali sun yi laushi. Akwai doka ɗaya da ba a wasa da ita: a lasa ɗanyen yanki kafin a dafa. In ta yi ɗaci mai tsanani a zubar da ita duka, wuta ba ta kashe abin da ke kawo ɗacin, kuma yana sa amai da gudawa. Haka dokar take ga lauki, dogon koren nan na wajen Indiyawa da 'yan Pakistan, wanda ɗanyen duma ne tun bai yi ƙwari ba. Karela mai kurajen jiki ita ɗacinta halitta ne, ƙanwar garahuni ce. A kankare bayanta, a cire 'ya'yan, a murza da gishiri na minti 30, a matse, a soya da albasa mai yawan da ya kai nata. Duk da haka ba kowane gida za ta yi farin jini ba, rabin kilo ya isa gwaji.

A layin nan ne kuma za ka ga wasu dogayen koren sanduna an ɗaure su kamar bulala. 'Ya'yan zogale ne, waɗanda a gida ake bari su bushe a kan bishiya. Indiyawa su suke ci. A ɗauki sirara masu lanƙwasuwa, waɗanda ƙwayar ba ta turo ba, a yanka tsawon yatsa, su yi minti 15 zuwa 20 a miya, a tsotse tsokar da haƙori a yar da ɓawon kamar rake. Gulgas kuma gwaza ne. A shafa mai a hannu kafin a fere shi, a dafa shi ya dahu luguf. Ƙaiƙayi a maƙogwaro alama ce an sauke shi da wuri.

Ɓangaren 'ya'yan itace ya fi ruɗin ido. Kaka, mai kama da tumatir ruwan lemo da hular ganye a ka, 'yar gida ɗaya ce da kanya, halinsu ma ɗaya: in ba ta nuna ba bauri ne da zai ɗaure maka baki kamar an cusa auduga. Daga Oktoba zuwa Janairu take zuwa, kuma iri biyu ce. Mai taurin da ke zuwa daga Sifaniya a jere cikin kwali an riga an cire mata baurin, ana yanka ta kamar tuffa. Ɗayar sai ta yi luguf, fatar ta koma kamar gilashi, a sha da cokali. A sayi ɗaya a gatsa kafin a ɗauki katan. In an riga an kwaso mai baurin, a rufe ta a jakar takarda da tuffa ko ayaba, iskar da suke fitarwa za ta nunar da ita cikin kwana uku zuwa huɗu. Gishɗa, mai ƙusoshi a jiki kamar sulke, ƙanwar gwandar daji ce. A saye ta da tauri, a bar ta a waje kwana biyu ko uku har tsakanin ƙusoshin ya fara buɗewa. In aka sa ta a firji ɗanya baƙi take yi, ba za ta ƙara nuna ba. Baƙaƙen ƙwayoyin tofarwa ake yi, ba a taunawa, kuma ba a sa ta a injin markaɗe sai an cire su.

Mai barshumi kallonsa kaɗai darasi ne. Safar roba a hannun hagu, ya datse kai, ya datse gindi, ya tsaga fatar a tsaye sau ɗaya, ya buɗe ta da bakin wuƙa kamar ana tuɓe wa yaro riga, ya miƙo maka tsokar ka zare da kanka, yatsanka bai taɓa bawo ba. Yana da dalili. Jikin barshumi cike yake da ƙayoyi sirara kamar gashi, ba a ganinsu sai sun shiga, in sun shiga kuwa a wuni ana susa. A gida a juye shi a roba da ruwa, a juya da ludayi, a riƙe da cokali mai yatsu a ɓare shi yadda aka gani. Da sanyi ya fi daɗi. Ƙwayoyin haɗiyewa ake yi, amma biyu ko uku sun isa zama ɗaya, wanda ya zarce zai sha wahalar bayan gida, yara musamman. Rumman kuma a yanke hularsa, a tsaga fatar ta layukan da ke jikinsa, a ɓare a cikin kwano da ruwa: ƙwaya ta nutse, farin ɓawo ya taso, riga ta tsira.

Kiwi yana da halin da ke ɓata haɗin buɗa-baki. Shi da ɗanyar abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narka furotin, in suka zauna a madara ko yogot sai ya tsinke ya yi ɗaci. A zuba su lokacin sha. Wannan halin shi ne amfaninsa a wajen nama: kiwi ɗaya a dame a shafe kilo guda na nama mai tauri, minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan a yi tsire, wanda mutanen Makka suka ara suke kira sire. In ya kwana a jiki nama ya koma dame. Ruɗab, dabinon da ya nuna bai bushe ba, ba ya wuce kwana biyu ko uku a waje kafin ya fara tsami, amma firiza tana riƙe shi watanni. Barhi mai ruwan ɗorawa a jikin reshe haka ake cinsa garas-garas, ba wai bai nuna ba ne. Su rambutan da mangostin na Tailan, da jan nan mai ƙaho mai farin ciki da ɗigon baƙi, ba kayan katan ba ne. Sun sha hanya, ba a gane lafiyarsu sai an fasa, jan ma kyan ɗan maciji ne, ciki salam. A sayi ɗaya-ɗaya a kanti don yara su gani.

Asarar da ta fi yawa tsakanin kasuwa da firji take faruwa. Ganye shi ne sayen ƙarshe, kuma a cikin mota wajen sanyi zai zauna, ba a but ba. A gida a naɗe shi a busasshen tsumma ko manadil, wato tishu, a sa a leda ba a ƙulle ba, nesa da tuffa da ayaba, don iskar da ke nunar da kaka ita ke mayar da ganye ruwan ɗorawa. Mangwaro da ayaba da tumatirin da bai gama nuna ba ba sa shiga firji, sanyin digiri 4 yana tsayar da nunarsu ya ɓata ɗanɗano. Kokwamba da bazinjan su ma ba sa son sanyi sosai, a sa su a aljihun ƙasa, a cinye cikin kwana uku ko huɗu. Albasa da dankali kowa da kwandonsa, a inuwa mai iska.

Akwai abin da ba don shi ake zuwa halaga ba. Attarugu in an gan shi a babban kanti galibi na Holan ne, 'yan ƙwayoyi a ƙaramar roba, kuɗinsa kamar na turare. Zoɓo karkade ne, yana ko ina. 'Ya'yan kuka, goruba, aduwa da kurna suna shagunan Sudaniyawa da sunan gongoles, dom, lalob da nabag. Garin kuka na miya, daddawa, manja da busasshen tattasai kuwa sai a hannun mutanenmu, wajajen Shara Mansur, ko a jakar ɗan'uwa mai zuwa Umara. In ta nan za ta biyo, a gaya masa ya ƙulle daddawar a leda uku, ya raba ta da haraminsa.